Na'urorin Gani Cikin Duhu: Suna Ɗaya, Aiki Iri Uku

Hausawa sun ce dare rigar mugu, kuma duk wanda ya taɓa kwana gadin rumbu, ko garke, ko shago, ya san ba a banza aka yi wannan magana ba. Shi ya sa a 'yan shekarun nan, da sha'anin tsaro ya taɓarɓare a wurare da dama, hankalin masu gonaki da kamfanonin gadi ya koma kan waɗansu na'urori da ake tallarsu a kantuna da kuma ta intanet, waɗanda aka ce suna nuna wa mutum abin da ke cikin duhu. Akwai wadda ba ta kai dala ɗari ba, akwai kuma wadda ta haura dala dubu uku, amma abu guda aka rubuta a jikin kwalinsu duka, watau na'urar gani da dare.

Abin da yawancin masu saye ba su sani ba shi ne, na'urori iri uku ne daban-daban ake sayarwa da wannan suna guda. Kowace da yadda take aiki, da abin da take iya nunawa, da kuma inda take kasawa. Wanda ya saya bai rarrabe ba, ƙaramar hasararsa ita ce ta kuɗi. Babbar kuwa ita ce ya dogara da na'urar a daren da rai yake cikin haɗari, ta nuna shi ga wanda yake fako, ko kuma ta sa ya ɗauki maƙwabcinsa a matsayin ɓarawo.

Hasken Da Ido Ba Ya Gani

Tushen al'amarin ya faro ne a ƙasar Ingila cikin shekarar 1800, a hannun wani masanin taurari haifaffen Jamus mai suna William Herschel. Wannan masani ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rarrabu launi-launi kamar bakan gizo, sa'an nan ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Ya lura zafin yana ƙaruwa daga ɓangaren shuɗi zuwa ɓangaren ja. Da ya gusa da ma'aunin gaba da jan, inda ido ba ya ganin kome, sai ya tarar zafin wurin ya fi na ko'ina. Nan ya gane akwai wani haske a bayan ja wanda ido ba ya kamawa. Shi ne daga baya aka raɗa wa suna infrared, ma'ana ƙasan ja, ko kuma a ce ɓoyayyen haske.

Masana suna auna haske da tsawon zangonsa, da wani ma'auni da ake kira nanomita, watau milimita ɗaya a raba ta gida miliyan. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700 ne, ko kusa da haka. Daga nan zuwa sama ɓoyayyen haske ne, kuma shi ma kashi-kashi ne. Akwai na kusa da ja, irin wanda rimot ɗin talabijin yake aikawa. Mai son ya gani da idonsa sai ya saita kan rimot ga kyamarar wayar hannu ya danna, a wayoyi da yawa zai ga ɗan haske yana ƙyaftawa alhali ido bai ga kome ba. Akwai kuma na nesa, tsakanin nanomita 8,000 zuwa 14,000, wanda kowane abu mai ɗumi yake fitarwa da kansa dare da rana. Ma'aunin zafin nan da aka riƙa saita wa mutane a goshi lokacin cutar Ebola a 2014 da annobar korona a 2020, wannan hasken yake karantawa.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar na'urorin nan uku ita ce a kwatanta su da mai tocila, da kyanwa, da kuma mesa.

Mai Tocila

Iri na farko tamkar mai gadi ne da ya kunna tocila, sai dai hasken tocilar ɓoyayye ne. Na'urar tana da fitila mai haska ɓoyayyen haske na kusa, da kyamara mai kama abin da ya dawo, da ɗan allo da mai kallo zai ga hoton, galibi fari da baƙi. Kyamarorin tsaro da ake kafawa a ƙofar gidaje da bankuna, masu zoben ƙananan fitilu kewaye da idonsu, wannan aikin suke yi. Kusan duk na'urori masu araha da suka cika kasuwa, waɗanda ake kira na dijital, irin wannan ne.

Dabarar ta daɗe. A ƙarshen Yaƙin Duniya Na Biyu, cikin 1945, sojojin Jamus sun ɗaura wa bindigoginsu wata na'ura mai suna Vampir, wadda batirinta kawai ya haura kilo 13, soja yana goye da shi a baya. A wannan shekara kuma sojojin Amurka sun yi amfani da irin tasu a yaƙin tsibirin Okinawa na ƙasar Japan. Amma ba da daɗewa ba sojoji suka rage dogara da wannan hanya, saboda wani aibi wanda har yau bai rabu da ita ba. Duk wanda yake da na'ura makamanciyarta yana hango fitilar daga nesa kamar wutar mota a daji, tun kafin mai fitilar ya hango shi.

Ya kamata mai saye ya riƙe wannan da kyau. Fitilun iri biyu ne a kasuwa. Mai nanomita 850 ta fi kai haske nesa, amma wanda ya dube ta kai tsaye yana ganin ɗan ja-ja kamar garwashi. Mai nanomita 940 kusan ba a ganinta da ido, sai dai nesanta bai kai na waccan ba. Dukansu biyu kuwa a fili suke ga wata na'urar. Saboda haka wannan iri ya dace da gadin harabar gida, da ɗakin ajiya, da akurkin kaji, inda ba a damu a san akwai mai gadi ba. Wanda yake bukatar ya gani ba a gan shi ba, wannan ba tasa ba ce.

Kyanwa

Kyanwa ba ta kunna wuta, amma idonta yana cin moriyar ɗan hasken da ke akwai fiye da na mutum. Haka iri na biyu yake. A cikinsa akwai wani bututu na musamman. Ɗan hasken wata ko na taurari yana shiga ya faɗa kan wani faifai da ke juya haske ya koma ƙwayoyin lantarki, sa'an nan a ninka ƙwayoyin sau dubbai, su je su bugi wani allo ya haskaka. Koren hoton nan da aka saba gani a labaran yaƙi, tun ba na Yaƙin Gulf na 1991 ba, daga irin wannan allo yake. Yanzu akwai mai ba da hoto fari-fari, wanda masu amfani da yawa suka fi so don bai cika gajiyar da ido ba.

An kasa waɗannan bututu zubi-zubi bisa ga zamanin ƙirarsu. Zubin farko shi ne wanda sojojin Amurka suka yi aiki da shi a yaƙin Biyetnam cikin shekarun 1960. Yana ninka haske kimanin sau dubu, yana bukatar farin wata, kuma gefen hotonsa a karkace yake. Zubi na biyu ya zo cikin shekarun 1970, lokacin da aka ƙara wani siririn faranti na gilashi mai miliyoyin ƙananan ramuka, inda ƙwayoyin lantarki ke karo da bango suna hayayyafa, har ninkin ya kai kimanin sau dubu ashirin. Zubi na uku, na shekarun 1980, ya zo da faifai na wani sinadari da aka haɗa da ma'adinin galiyam, kuma yana aiki ko da hasken taurari kawai. Masu ƙera su kan ba bututun zubi na uku kimanin sa'o'i 10,000 na aiki, na zubin farko kuwa bai cika wuce sa'o'i dubu da 'yan kai ba.

Daga zubi na uku rundunar sojan Amurka, wadda ita ta tsara wannan rabo, ba ta amince da wani ba. Idan aka ga kwali an rubuta zubi na biyar ko na shida, to, zaƙin bakin ɗan kasuwa ne. Haka kuma na'urar dijital ba ta da zubi ko kaɗan, tun da babu bututu a cikinta.

Wannan iri ma yana da nasa rauni. A ɗaki rufaffe ko cikin kurmi mai duhun gaske, inda babu hasken da za a ninka, ba ya nuna kome sai an kunna masa ɓoyayyar fitila, kuma da an kunna an koma matsalar mai tocila. Haske mai ƙarfi, kamar na rana ko fitilar mota, yana iya ƙona bututun ya bar masa tabo na har abada, shi ya sa ake rufe idonsa da murfi mai ɗan ƙaramin rami da rana. Bugu da ƙari, sananniyar na'urar nan mai ido ɗaya, PVS-14, faɗin digiri 40 kawai take nunawa, alhali idanun mutum biyu suna ɗaukar kusan rabin da'ira. Mai sanye da ita kamar mai leƙe ta cikin bututu yake, yana da wuya ya ƙiyasta zurfin rami ko nisan mataki sai ya daɗe yana koyo.

Mesa

Mesa tana da waɗansu 'yan ramuka a gefen leɓenta da take jin ɗumin jikin abin farauta da su cikin duhu. Iri na uku, watau kyamarar zafi, haka take. Ba ruwanta da wata ko taurari, ba ta kuma haska kome, saboda haka babu fitilar da za ta tona asirin mai riƙe da ita. Ɗumin da jikin mutum, ko dabba, ko injin babur yake fitarwa shi take aunawa, ta zana hoto inda mai zafi ya fita daban da mai sanyi. Wajen gano cewa akwai mai rai a fili ko a bakin daji, babu wadda ta kai ta. Tana gani ta cikin hayaƙi, dalilin da ya sa 'yan kwana-kwana a ƙasashe da yawa suke neman mutane da ita a gidan da ya kama wuta. Ma'aikatan lantarki kuma da ita suke gano wayar da ta yi zafi kafin ta haddasa gobara.

Amma ba ta gani ta cikin bango, kome abin da ake nunawa a fina-finai. Ko gilashin taga ba ta ratsawa, don gilashi yana tare wannan haske, saboda haka wanda ke zaune cikin mota da gilashi a rufe ba zai ga waje da ita ba. Shi ya sa ake yin idonta da wani ma'adini mai tsada da ake kira jamaniyam. Ƙasar Sin ce ta fi kowa samar da shi, kuma tun daga watan Agusta na 2023 ta sa ƙa'idar neman izini kafin a fitar da jamaniyam da galiyam daga ƙasarta, abin da ya taɓa farashin ma'adinan a kasuwar duniya.

Babban abin lura shi ne, kyamarar zafi ba ta nuna fuska yadda za a shaida mutum, ba ta karanta lambar mota, ba ta kuma nuna launin riga. Farin siffa kawai take nunawa mai tafiya.

Hangowa Daban, Shaidawa Daban

A nan ne masu saye suka fi ruɗuwa. Kwali yakan ce na'ura tana gani har mita dubu ko fiye, mai saye kuma ya ɗauka zai gane mutum daga wannan nisa. Cikin 1958 wani masani mai suna John Johnson, na ɗakin binciken sojan Amurka, ya tsara ma'aunin da har yau ake aiki da shi. Ya raba gani mataki-mataki. Akwai hangowa, watau a san akwai wani abu a wurin. Akwai rarrabewa, a san mutum ne ko saniya. Akwai kuma shaidawa, a san wane irin mutum ne, da abin da yake riƙe da shi. Bisa ga lissafinsa, abu yana bukatar ya cika kimanin ɗigo biyu na hoton kafin a hango shi, ɗigo takwas kafin a rarrabe, da kuma kimanin goma sha uku kafin a shaida.

Ma'anar wannan ita ce, na'urar da aka ce tana hango mutum daga mita 1,200, sai ya matso kusan mita 300 kafin a tabbata mutum ne, sai kuma kusan mita 200 kafin a fara bambanta mai sanda da mai bindiga. Lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali kusan kullum ta hangowa ce. Makiyayin da ya fito neman ɓatacciyar tunkiya, da manomin da ya yi sammako zuwa fadama, da ɓarawo, duk siffa ɗaya suke daga nesa. Mai gadin da bai san haka ba yana iya aikata abin da zai yi nadama har ƙarshen ransa. Mafarauta da masu gadi da suka ƙware sukan hango da kyamarar zafi, sa'an nan su tabbatar da wata na'urar ko da fitila.

Har ila yau, maɓallin da ke jawo hoto kusa a na'urorin dijital da na zafi ba ya ƙara ko ɗigo ɗaya, yana kumbura waɗanda ke akwai ne kawai. Abin tambaya shi ne yawan ɗigon idon na'urar. A kyamarorin zafi an fi samun mai 256 sau 192, da mai 384 sau 288, da mai 640 sau 512, kuma farashi yana hawa tare da lambar.

Hunturu Da Bazara

Yanayin Arewa yana da nasa hukunci a kan na'urorin nan. Lokacin hunturu, ƙurar da ke cikin iska tana mayar da hasken ɓoyayyar fitila cikin idon kyamara, daidai yadda direba yake ganin fari fat idan ya kunna babbar wuta cikin hazo. Kyamarar zafi ta fi jure ƙura, kuma sanyin daren hunturu yana sa jikin mai rai ya fita sarai.

Da bazara kuwa labarin ya juya. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 da rana, duwatsu da katangu da ƙasa suna riƙe ɗumi har cikin dare. Fatar mutum ba ta wuce digiri 33 zuwa 34, don haka da magariba mutum yana iya sajewa da katangar da ke bayansa. Sai dare ya raba, ƙasa ta huce, hoton yake gyaruwa. Ruwan sama da laima mai yawa su ma suna rage nisan ganinta da damina. Ma'aunin da ke nuna ƙarfin kyamara wajen bambanta zafi mai kusanci da juna ana rubuta shi da baƙaƙen mK, kuma ƙaramar lamba ita ce mafi kyau. Mai aiki a ƙasa mai zafi ya fi kowa bukatar ya duba wannan lamba.

Doka

Waɗannan kaya ba kamar tocila ko rediyo ba ne a idon hukuma. A Amurka, dokar fataucin makamai da ake kira ITAR ta hana fitar da bututun zubi na uku daga ƙasar sai da izinin Ma'aikatar Harkokin Waje, ko da a jakar matafiyi ne, kuma an sha ɗaure mutane a kan haka. Kyamarorin zafi ma suna da ƙa'ida, dalilin da ya sa da yawa daga waɗanda ake fitarwa kasuwannin waje ba sa sabunta hoto fiye da sau tara a daƙiƙa, har mai kallo ya ga motsi yana tsinkewa. Don haka wanda aka yi wa tayin sabuwar na'urar zubi na uku a kan kuɗi kaɗan, ɗayan biyu ne, ko jabu ce, ko kuwa ta biyo hanyar da za ta jefa shi cikin shari'a.

A Nijeriya, kayan soja da na sa ido da ake shigowa da su suna bukatar takardar shaidar mai amfani daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro, kuma Hukumar Kwastan tana riƙe kayan da suka iso babu ita. Kamfani ko ƙungiyar da ke da niyyar sayen irin waɗannan na'urori, wajibi ne ta fara tuntuɓar hukumomin kafin ta aika da kuɗi. Mutumin da aka tsare a shingen jami'an tsaro da dare ɗauke da irin wannan na'ura babu takarda, bayani zai yi masa wuya, kome kyawun niyyarsa.

Kafin A Biya Kuɗi

Ba a cinikin biri a sama. Na'urar gani da dare, da dare ake gwada ta, a irin wurin da za a yi aiki da ita, kuma gara a zaɓi daren da babu wata. Sai a sa wani ya yi ta tafiya ana ƙirga takunsa, a ga inda fuskarsa ta ɓace da inda siffarsa ta ɓace. A na'urar dijital, a kashe fitilar a ga abin da ya rage. A mai bututu, a dubi farin bango a nemi baƙaƙen tabo, musamman a tsakiyar hoton, sa'an nan a nemi takardar gwajin da masana'anta ke bayarwa tare da kowane bututu, wadda lambarta ta dace da ta jikinsa. Idan tsohuwa ce, a tuna sa'o'in bututu ƙidayayyu ne.

Sai batun batir. PVS-14 da batir ƙarami guda ɗaya irin na rimot take aiki dare da yawa, amma na'urorin dijital da na zafi suna shan wuta, cikin 'yan sa'o'i sun ƙare. A ƙauyen da babu lantarki, wadda ake iya sauya mata batir ta fi wadda batirinta yake manne a ciki. A duba kuma alamar IP67, wadda ke nufin ƙura ba ta shiga, kuma na'urar tana jure nutso cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin sa'a. Fitilun ɓoyayyen haske masu ƙarfi, tun ba masu aiki da lesa ba, suna iya lalata ido, domin ido ba ya ƙyaftawa ya kare kansa daga hasken da bai gani ba, saboda haka kada a saita su ga fuskar mutum a kusa. Daga ƙarshe a tambayi inda za a kai gyara, gama bututu da idon jamaniyam ba kayan da mai gyaran waya na bakin kasuwa zai taɓa ba ne.

Mai shago ko mai gidan kaji wanda bukatarsa ita ce ya ga ƙofarsa, kyamara mai ɓoyayyar fitila ta ishe shi, kuma sau da yawa fitilar sola a harabar gida ta fi ta amfani. Mai gadin gona mai faɗi ko garke, kyamarar zafi ce za ta gaya masa akwai mai zuwa, amma ba za ta gaya masa ko wane ne ba. Mai bututu kuwa, da tsadarta da dokokin da ke kanta, ta fi dacewa da jami'an da aka horar, aka kuma ba su izini. Wanda ya san wace ce a hannunsa, da iyakar inda take gani, shi ne kuɗinsa ya yi masa rana, gama rashin sani ya fi dare duhu.